Ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafa: tarihin mataki, giya da birkin babur a hanyoyin Garwa

Duk shekara idan bikin kafuwar ƙungiyarmu ya zagayo, dattawanmu kan cika wannan mujalla da tarihin fataucin shanu da goro da atamfa da kanwa. Sun kyauta, su ne ma suka fi cancanta. Bana sai kwamitin shirya biki ya ce mu ma 'yan layin kayan babur mu kawo namu. Abin da na zaɓa ƙarami ne a ido: ƙarafan nan da ke ƙarƙashin ƙafar mai babur, wato matakin da yake ɗora ƙafa, wanda makanikan Garwa ke kira pos-piye da Faransanci, da giya, da birkin baya. In ban da kariya, babu sashen babur da kasuwancin kan iyaka ya sauya wa kamanni kamar su. Kuma a cikin duk kayan da ke rataye a shagunanmu, ɗaya daga cikinsu ne ran mutum ya fi dogara a kansa.

Garwa asalinta garin ruwa ce. Tana ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa na Yola har Jamusawa suka shigo a 1901, iyakar Turawa ta bar Yola a hannun Ingila, Garwa a hannun Jamus, daga baya Faransa. Shekara da shekaru, idan Binuwai ya cika da damina, jiragen ruwa kan taso daga Burutu su kawo gishiri da siminti da man fetur, su koma da auduga da gyaɗa. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya datse wannan hanya, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, aka gama madatsar Lagdo a 1982. Manyan kaya suka juya zuwa Duwala. Amma ƙaramin fatauci bai juya ba. Tsakanin Mubi da Gidar, tsakanin Yola da Gashiga, tsakanin Gurin da Beka, jama'a ɗaya ce, Fulfulde ɗaya, Hausa ɗaya, auratayya ɗaya. Mubi ma ai sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta tabbata a Najeriya. Jaki da keke da kwalekwale da dakon ka su ne suka riƙe waɗannan hanyoyi, kuma turbarsu ce babur ya gada. Wanda ya ƙera shi bai yi shi don wannan turba ba.

Yaran yanzu suna ɗauka tun fil azal giya a hagu take, birki a dama. Ba haka ba ne. Baburan farko da hannu ake sa musu giya, da wata sanda a gefen tanki. Wajen ƙarshen shekarun 1920 ne kamfanin Velocette na Ingila ya fito da giyar ƙafa wadda in ka taka take shiga ɗaya tak, ta dawo mazauninta ta jira taku na gaba, kuma har gobe wannan dabara ce a cikin kowane babur da muke hawa. Sai dai Ingilishi a dama suka sa giyar, birki a hagu. Haka BSA da Triumph da suka shigo Najeriya zamanin mulkin mallaka suke. Japanawa suka zo da akasin haka. A tsakiyar shekarun 1970 Amurka ta yi doka cewa duk babur da za a sayar a ƙasarta giyarsa ta kasance a hagu, birki a dama, dole Ingilishi suka bi, magana ta mutu. A ɓangarenmu na Faransa kuwa ƙafa ba ta da wannan aiki ko kaɗan, domin Mobylette ce ke tashe, mai feda irin ta keke, ba giyar takawa, birki duka biyu a hannu. Saboda haka mutumin Garwa ya koyi taka giya ne a kan baburan Japan da suka tsallako daga Najeriya.

A nan akwai abin da ya kamata a yaba wa Honda. A 1958 suka fitar da Super Cub, kakan duk baburan da Kanawa ke kira roba-roba, suka sa masa giya mai kai biyu, gaba a taka da yatsu, baya a taka da dunduniya. Mai takalmi sau-ciki ba zai gane darajar wannan ba. Giya mai kai ɗaya sai ka cusa ƙafa a ƙarƙashinta ka ɗaga da bayan yatsu. Gwada haka da silifa sau ɗari a yini, a watan Afrilu na Garwa da zafi ke haura digiri 40, ƙarfe ya yi jawur, ka ga yadda bayan ƙafarka zai koma. Shi ya sa tun da daɗewa, in babur ya zo da giya mai kai ɗaya, abu na farko da ake yi kafin a bar shago shi ne a cire ta a sa mai kai biyu, in babu a kai wa mai walda ya ƙara mata dunduniya. A ganina wannan ne canji na farko da kasuwarmu ta yi wa babur, kuma har yau babu wanda ya kai shi hankali.

Baburan sun yawaita a Najeriya ne bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975. Kamfanin Boulos yana harhaɗa Suzuki a Legas, Honda ta buɗe masana'anta a Ota a 1979, Yamaha ma tana nan. A 1975 ɗin ne kuma Honda ta fitar da CG125, bayan injiniyoyinta sun zaga ƙasashen Asiya irin su Tailan da Indonesiya da Filifin da Pakistan, sun ga yadda ake labta wa babur mutane da kaya, ba a juye baƙin mai sai inji ya yi kuka. Suka koma suka ƙera inji mai jure wulaƙanci. Da sun biyo ta Pitowa ranar Lahadi da sun ƙara masa ƙarfi.

Abin da ya kwararo da baburan nan zuwa wannan ɓangare kuɗi ne. Daga 1986 naira ta fara faɗuwa, sefa kuwa tana ɗaure da kuɗin Faransa, sai komai na Najeriya ya zama araha ga mai sefa: babur, kayan gyaransa, da man da zai sha. A daidai lokacin tattalin arzikin Kamaru ya shiga matsi, aka zabtare albashi sau biyu a 1993, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Matasa suka rasa aiki, suka hau babur. Garuruwan arewa sun san kilando kafin Duwala ta san nata 'yan acaɓar, waɗanda suka bazu can bayan yajin garuruwa na 1991. Wasu suka ɗauki fasinja a cikin gari, daga Yalwa zuwa Rumde Ajiya, daga Fulɓere zuwa babbar kasuwa. Wasu suka fuskanci daji. Ba sai na yi wa masu karanta wannan mujalla bayanin zuwa-zuwa ba, kwalabensa suna bakin kowane titi. Baturiyar nan Janet Roitman, wadda ta yi bincike a arewacin Kamaru, ta rubuta a kan masu jigilar nan a littafinta na 2005, Karine Bennafla kuma ta yi nata a 2002 a kan kasuwannin kan iyaka irin su Mbaibum. Su haraji da hukuma da hanya suka dame su. Ni ƙarfen ya dame ni.

Mu yi lissafi. Jarka mai lita 25 in ta cika da fetur tana kai kilo 19 ko kusa da haka. Jarka goma kenan ta doshi kilo 190, alhali babur ɗin kansa bai fi kilo ɗari da 'yan kai ba. Buhun masara ko na shinkafa ko katan-katan na sabulu ma haka lissafin yake. Kaya sun cinye kujera, sun sauko gefe da gefe, direba ya matsa gaba har ya hau tanki. To daga kan tanki ƙafa ba ta sauka inda kamfani ya sa mataki. Gwiwa ta ƙage, dunduniya ba ta samun giya, yatsun dama suna lalube kafin su sami birki. Daga nan aikin ya koma hannun masu walda. Aka ƙara wa kariya rodi, aka ninka shokozoba, aka cire matakin fasinja gaba ɗaya don jarka ta zauna, ko aka mayar da shi wani faffaɗan ƙarfe da zai tallafi kaya daga ƙasa. Aka sa ƙarfen kare inji a gaba, direba ya sami wurin miƙe ƙafa a doguwar tafiya. Aka lanƙwasa giya, aka ƙara wa birki tsawo. Babu makarantar da ta koyar da wannan. Wani ya gwada, wani ya gani ya gyara, yaron shago ya tashi da shi ya buɗe nasa a Gidar ko Figil.

Ina girmama masu waldar nan, domin sun warware matsalar da injiniyan Japan bai taɓa mafarkinta ba. Amma akwai abu uku da tarihin nan ya koya mana da tsada, kuma gara a rubuta su.

Matakin direba a irin CG da 'ya'yansa ba a jikin firam yake ba. Sanda ce guda da ta ratsa ƙarƙashin inji, an ɗaure ta da kusoshi huɗu a jikin kwanon injin, shi kuwa kwanon alminiyam ne. Ta kamfani bututu ce, in babur ya faɗi sai ta lanƙwashe, a miƙe ta ko a sayi wata da kuɗi kaɗan. Da mutane suka gaji da miƙewa sai aka fara yin ta da rodin gini mai kauri, wanda ba ya lanƙwasa. Gaskiya ne ba ya lanƙwasa. Amma ƙarfin faɗuwa dole ya sami inda zai tafi, sai ya tafi kan kusoshin, su ɓalle da naman inji, baƙin mai ya tsiyaye a tsakiyar daji. An tsira da mataki an rasa inji. Makanikai da yawa sun gane wannan sun daina, amma har yanzu ana yi.

Giya kuma a kan wata 'yar sanda mai haƙora take zama, kusa ɗaya ke matse ta. In kusar ta yi sako-sako ba a ɗaure ba, ko aka sa giyar da haƙoranta ba su dace ba, sai su cinye juna, a taka giya ta zame. Gyaran gaskiya shi ne a buɗe inji a canza sandar. Gyaran gaggawa shi ne a ɗiga walda a haɗe su. Wanda ke Bukula da kaya, rana na faɗuwa, ba wanda zai zarge shi in ya zaɓi na gaggawa. Sai dai zafin walda kan ƙone robar da ke tare mai a wurin, kuma ranar da za a buɗe wannan gefe na inji sai an yanka. Da yawa daga laifin nan namu ne masu sayarwa, domin giyar wannan babur ba lallai ta hau wancan ba, ko da ido ya ga kamar ɗaya ne. Tsarin shigarta ma ya bambanta: wani babur duk ƙasa ake takawa, wani ɗaya ƙasa saura sama, wani kuma zagaye yake yi ya dawo furi. Mai aron babur ya tambaya kafin ya hau.

Na uku shi ne birki, kuma a nan zan daɗe. Birkin baya na waɗannan babura ba shi da wani sirri. Feda ce a kan ƙarfen da take juyawa, da siririyar sanda da ta tafi har tayar baya, da noti a ƙarshenta na daidaitawa, da sifirin da ke dawo da feda sama. Littafin kamfani kan ce a bar wasa na santimita 2 zuwa 3 kafin birki ya fara kamawa. Da zarar an labta kaya, bayan babur ya zauna, wannan wasa ya canza: ko dai birki ya riƙa gogawa yana zafi har ya daina ci, ko feda ta yi nisa. Sannan kowa ya san yawancin masu hawa a nan ba su yarda da birkin gaba ba, suna tsoron ya kayar da su a yashi, wasu ma wayarsa ta tsinke tun bara ba a sa wata ba. Ma'ana fedar nan guda ita ce birkin babur gaba ɗaya. Yanzu a ɗauki wannan feda a yanka ta, a ƙara mata guntun ƙarfe, a yi walda. Ƙarfe sirara in ya sha wuta, gefen waldar ne ke yin rauni, kuma ba ya nunawa a ido. Ba zai karye a kan titin Garwa mai shimfiɗe ba. Zai jira gangaren duwatsu tsakanin Sahuda da Bukula, inda mutum ke taka shi da dukan nauyinsa, da kilo ɗari biyu a bayansa. Ko bai karye ba, feda mai tsawo tana ƙara wa ƙafa ƙarfi fiye da kima, taya ta ƙulle, baya ya ja gefe.

Daga ina kayan suke zuwa? Tun shekarun 1980 cibiyar kayan babur a wannan yanki na Afirka ita ce kasuwar Nkwo ta Nnewi a jihar Anambra. A can Innocent Chukwuma, mai kamfanin Innoson, ya fara da sayar da kayan babur kafin ya kai ga ƙera mota. Daga Nnewi da Onica da Legas kaya kan hauro Kano da Yola da Mubi, mu ɗauko mu tsallako da su, wasu su wuce Lere ta ƙasar Cadi, wasu Mbaibum su shiga Afirka ta Tsakiya. Da aka shiga shekarun 2000 baburan Sin suka mamaye kasuwa, Jincheng da Nanfang da Sanili da sauransu, akasarinsu a kan zanen Suzuki da Honda aka yi su. Farashi ya faɗi, wanda bai taɓa tsammanin mallakar babur ba ya mallaka. Bayansu na Indiya suka zo, Boxer da TVS. Tare da wannan yalwa aka sami abin da kowane ɗan layinmu ya sani: kaya iri ɗaya, daraja uku. Akwai na kamfani, akwai mai bi masa, akwai wanda in ka riƙe a hannu ka ji ba nauyi, fenti ne kawai ke riƙe da shi. Ba ƙasar da aka yi kaya ce ke sa ya zama na banza ba. Masana'anta tana yi maka daidai kuɗin da ka ce za ka biya, kuma mai oda ya san abin da ya yi oda.

Hukuma ma ta taɓa leƙo ƙarƙashin ƙafar nan. Wata dokar sana'ar kilando ta fito daga ofishin Firaminista a 1995, aka sake ta ranar 31 ga Disamba 2008 zamanin Ephraim Inoni. A cikin kayan da ta ce dole babur ɗin haya ya kasance da su, tare da tanki mai ruwan ɗorawa da madubi biyu da hular kwano ta direba da ta fasinja, akwai mataki ƙafa biyu-biyu, na gaba da na baya. Mutane sun yi ta surutu a kan fenti da hula, ba wanda ya kula da batun mataki, alhali shi ya fi shafar iyalanmu. Babur ɗin da ya kwana yana jigilar jarka an cire masa matakin baya, da safe ya ɗauki mace zuwa asibiti, ina za ta sa ƙafa? Ko ta bar ta tana reto kusa da taya, ko ta ɗora a kan salansa. Tabon salansa a ƙwauri ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Ga zane da hijabi da ke shiga sarƙa. Indiyawa sun sha wannan da sarin matansu har suka sa doka a rufe gefen tayar baya da raga, kuma baburansu da yawa kan zo da faffaɗan mataki na mai zaman gefe. Masu waldarmu sun kwaikwayi wannan, kuma shi ne kwaikwayo mafi amfani da suka yi. Abin haushi, wasu samari cire ragar suke yi wai tana ɓata wa babur kyau.

Shekarun tashin hankali sun taɓa sana'ar ta wata fuska. Maiduguri ta hana babur a 2011, Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a Oktoban 2014 na ɗan lokaci, a jihar Arewa Mai Nisa aka taƙaita zirga-zirgar babura, hanyar Banki da Amcide ta mutu. Da yawa daga membobinmu sun yi asarar da har yau ba su farfaɗo ba, wasu sun rasa rayukansu, Allah Ya jiƙansu. Kaya suka koma bin ƙananan hanyoyi na kudu, masu yashi da duwatsu da mayo-mayo, inda mataki da birki suka fi shan wuya. Rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya ƙara tura babur cikin daji. Sai ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, ribar jarka ta ragu ƙwarai. Baburan da aka gina don jarka da yawa sun koma ɗaukar albasa da masara da mutane. Wannan ne ya sa batun ya zama na yau: ƙarfen da aka yanka aka ƙara don wani aiki, yanzu mata da yara ne a kansa.

Na san amsar da ake bayarwa a layinmu, ni ma na ji ta sau ba adadi: wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai babur ya zo da jaka ɗaya, ka nuna masa mai kyau ya ce ba shi da hali, in ka hana shi na arahar maƙwabcinka zai sayar masa. Wannan magana tana da ƙarfi a kan madubi da robar mataki da murfin gefe. A kan birki ba ta da shi, domin matar da ta tsayar da kilando a bakin kasuwa ba ta sayi rariyar ba, ba a kuma nuna mata ba. Bambancin kuɗi tsakanin feda mai kyau da ta banza bai kai abin da ɗan kilando ke kashewa a mai na kwana biyu ba. Matsalar maƙwabci kuwa ita ce ainihin dalilin da ya sa ake da ƙungiya, tunda abin da mutum ɗaya ba zai iya bari shi kaɗai ba, layi guda zai iya.

Shawarar da reshenmu ya miƙa wa shugabanni ita ce: a ci gaba da sayar da daraja uku a sauran kaya, amma fedar birki da sandarta da sifirinta kada memba ya shigo da na ƙasa, a zauna da shugabannin masu walda na Garwa da Gidar da Pitowa a roƙe su duk wanda ya kawo feda a ƙara mata tsawo su matsar masa da mataki maimakon su yanka feda, a kuma aika wa 'yan'uwanmu na Mubi da Yola kwafin abin da aka yanke, tunda daga hannunsu muke saro kayan. Wasu manyan dillalai sun riga sun ce suna da katan-katan a sito da ba za su zubar ba, suna neman wa'adin wata shida. An sa batun a ajandar babban taro, bayan rahoton ma'aji.